Tarihin Rabaran Dokta Byang Kato na Kwoi da Batun Lalacewar Al'ada

Akwai kalma guda da ba a rasa ta a wa'azin Lahadi, ko a taron Zumuntar Mata, ko a hirar dattawa da yamma, daga Fadan Kaje zuwa Zonkwa, daga Kagoro zuwa Kafanchan. Kalmar ita ce lalacewa. Ana cewa tarbiyya ta lalace, waƙa ta lalace, har harshen da muka sha a nono ma ya lalace. Amma idan aka tsai da mai magana aka nemi ya fayyace nufinsa, sau da yawa amsarsa ba ta wuce cewa abubuwa sun sauya ba. Manomi kuwa ya san sauyawa daban, lalacewa daban. Dawar da aka shuka da damina takan sauya kama sau da dama kafin ta isa gida, ba kuwa wanda zai ce ta lalace. Wadda ta lalace ita ce wadda ƙwaro ya shiga bayan an zuba ta a rumbu. Jinka tana nan, bango yana nan, sai ranar da uwargida ta zo ɗiba ta tarar da gari da ƙaiƙayi.

Mutumin da muka kawo tarihinsa a wannan fitowa ya ba da gajeren ransa ga rarrabe waɗannan abubuwa biyu. Ɗan ƙasarmu ne, domin daga Fadan Kaje zuwa garinsu ba tafiya mai nisa ba ce idan aka bi ta Kafanchan. Ya rasu yana da shekara 39 kawai, amma har yanzu ana karanta littattafansa, ana kuma gardama a kansu a makarantun tauhidi na Afirka da na ƙetare.

Yaron da aka keɓe wa tsafi

An haifi Byang Henry Kato ranar 23 ga Yuni, 1936, a Sabzuro cikin Kwoi, a ƙasar Ham, mutanen da Hausawa suke kira Jaba kamar yadda suke kiran Bajju Kaje. Mishan ta SIM ta kafa tasha a Kwoi tun 1910, amma gidan da aka haife shi yana riƙe da addinin kakanni da hannu biyu. Tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya gaji hidimar tsafi. Da ya kai shekara 10 aka kai shi daji tare da tsaransa, aka shigar da shi asirin maza bisa ga al'ada. Tsofaffinmu na ƙasar Bajju da Atyap ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Sun san dodo, sun san muryar da ake cewa ta kakanni ce, sun kuma san rantsuwar da take hana yaro ya gaya wa uwar da ta haife shi abin da idonsa ya gani.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa wannan tsohon tsari ya riƙe gari. Ya koya wa yaro jimiri da noma da ganin girman na gaba, ya kuma sa ɓarawo da mazinaci suna shakkar abin da zai biyo baya. Sai dai igiyar da ta ɗaure shi duka tsoro ne, an kuma bar mata a cikin duhu da gangan, ga zargin maita da yake raba 'yan'uwa ciki ɗaya. Byang ya san zaƙin wannan tsari da ɗacinsa a jikinsa. Shi ya sa daga baya, lokacin da manyan masana suka riƙa yabon addinin gargajiya daga ɗakunan karatu na jami'a, yana da abin faɗa wanda ba daga littafi ya samo shi ba.

Ya fara jin Bishara ta bakin wata baiwar Allah 'yar mishan mai suna Mary Haas, wadda take zuwa unguwarsu wa'azi. Daga nan ya soma zuwa Makarantar Lahadi, sannan makarantar boko ta mishan, ba da son mahaifinsa ba, domin a ganin uban hannun da ya kamata ya riƙe fartanya ne ake ɓatawa da alli. Yana da shekara 12, wata rana malaminsu ya ba su labarin Nuhu da jirgi. A ranar ce Byang ya miƙe a gaban 'yan ajinsu ya karɓi Yesu Kristi. Abin lura ne cewa labarin da ya kama zuciyarsa, wanda yake a Farawa sura 6 zuwa gaba, labari ne na duniyar da ta ruɓe a gaban Allah alhali mutanenta suna ci suna sha suna ganin kome lafiya. Aka yi masa baftisma a 1948.

Mahaifinsa ya yi masa dūka, ya hana shi abinci. Kada mu yi saurin ganin uban nan mugu. A idonsa, ɗan da ya keɓe wa kakanni ya watsar da gādo, ya bi baƙi, ya jawo wa gida fushin waɗanda ba a gani. In da za a tambaye shi a wannan shekara wane ne lalataccen yaro a Sabzuro, da ɗansa zai nuna. Ke nan kalmar da muke jifan 'ya'yanmu da ita yau, da ita aka jefi iyayenmu na bangaskiya da fari. Daga baya iyayen Byang da kansu suka shigo cikin bangaskiyar da suka tsananta masa a kanta.

Daga Igbaja zuwa Landan

A 1953 aka yi babbar falkaswa a Kwoi, mutane suka riƙa furta zunubansu a fili, matasa da yawa suka miƙa kansu ga aikin Ubangiji. Byang yana cikinsu. A 1955 ya tafi Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a jihar Kwara ta yanzu, ya gama a 1957, shekarar da ya yi aure. Allah ya ba su 'ya'ya uku. Ya koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki na Ikkilisiyar ECWA, ciki har da Kagoro da Zabolo. Da yake bai sami shiga sakandare ba, sai ya yi karatu ta hanyar wasiƙa bayan ya tashi daga aiki, har ya ci jarrabawar da ta buɗe masa ƙofar jami'a.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya yi aiki a Legas da mujallar African Challenge, wadda SIM ta fara bugawa a 1951, yana rubutu yana kuma ba masu karatu shawara. Zamani ne da ƙasa take motsi. Jirgin ƙasa ya riga ya mai da Kafanchan mahaɗar hanyoyi, haƙar kuza ta ja samari zuwa Jos da Bukuru, makaranta ta ja wasu zuwa Kaduna da Legas. Saurayin da ya bar ƙauye ya bar dodon da yake tsoro a baya, bai kuwa sami wani abin da zai tsaya a gurbinsa ba. Aikin mujalla ya sa Byang ya ga irin ƙarfin da takarda take da shi a hannun irin wannan saurayi, wannan darasi kuma bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

A 1963 ya tafi Ingila, ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan, ya sami digirin tauhidi na Jami'ar Landan a 1966. Ya dace mu ɗan tsaya mu dubi ƙasar da ya tarar, domin Turawa sun daɗe suna da tasu muhawarar a kan lalacewa. Masanansu sukan koma ga daular Rum, wadda ta yi ƙarfi har ta mallaki duniyar da aka sani, sannan ta raunana daga ciki da jin daɗi da wasannin zub da jini kafin maƙiya su shiga birnin a shekara ta 410. Wannan faɗuwa ce ta sa Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya rubuta babban littafinsa a kan Birnin Allah. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma aka sami wasu marubuta a Faransa da Ingila waɗanda aka yi wa laƙabi da lalatattu, wasunsu suka karɓi sunan da alfahari. Koyarwarsu ita ce rubutu ba ruwansa da gaskiya ko nagarta, in dai ya yi kyau ya kuma motsa sha'awa. A shekarar da Byang ya isa Landan, wani bishop na Ikkilisiyar Ingila, John Robinson, ya fitar da littafin da ya sa alamar tambaya a kan yadda masu bi suka saba fahimtar Allah, aka kuwa saye shi kamar ƙosai mai zafi. Manyan majami'u suna tsaye da duwatsunsu da ƙararrawarsu, masu sujada suna raguwa. Rumbu ne mai kyan jinka. Rubuce-rubucen Byang na baya sun nuna sarai cewa bai ɗauki Turai a matsayin ma'aunin da za a auna Afirka da shi ba, domin ya gane cewa wani ɓangare na ƙwaron da yake tsoro daga can yake zuwa, ta hanyar littattafai da guraben karatu.

Ya dawo ya koyar a Igbaja, sai a 1967 aka zaɓe shi Babban Magatakardan ECWA, ya koma Jos. Shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke. Ya riƙe wannan aiki cikin shekarun yaƙin, ya sa hannu cikin kai agaji ga waɗanda yaƙin ya ɗaiɗaita a gabas. A 1970 ya tafi makarantar tauhidi ta Dalas a Amurka, inda ya sami digiri na biyu a 1971 da digirin dokta a 1974.

Jiki babba, jini kaɗan

A Dalas ya koma da tunaninsa gida. Ya yi nazarin addinin mutanensa na Jaba, ya nuna cewa tun kafin zuwan mishan sun san akwai Maɗaukaki wanda ya yi sama da ƙasa, suna kiransa Nom. Bai yi musun wannan sani ba, bai kuma rena shi ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, bisa ga koyarwar Manzo Bulus a Romawa sura 1, sanin da halitta take bayarwa ya isa ya nuna wa mutum akwai Allah, amma bai isa ya sulhunta shi da Allah ba. Kakanninsa sun san sunan Nom, amma hadayunsu da tsoronsu na yau da kullum ga ruhohi suke tafiya.

A farkon 1973 aka yi taro a Limuru ta ƙasar Kenya, na Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaska, wadda aka sani da AEAM, aka kuma kafa a 1966. Byang ya zo daga Amurka ya gabatar da takarda. A cikinta ya kwatanta Ikkilisiyar Afirka da mai ciwon ƙarancin jini. Ana ganin jiki yana girma, majami'u suna cika, ana yi wa dubbai baftisma, amma koyarwar da za ta riƙe wannan jiki ba ta da yawa. Kafin a tashi daga taron aka zaɓe shi Babban Magatakardan ƙungiyar, ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan matsayi, ya kuwa koma Nairobi da zama bayan ya ƙarasa karatunsa.

A ganin mai wannan rubutu, wannan kwatanci shi ne gādo mafi tsada da ya bar mana a kan ma'anar lalacewa. Mu mun saba neman lalacewa a waje, a tufafin 'yan mata, a kiɗan samari, a wayar hannu. Shi kuwa ya fara nemanta a bagade da ɗakin karatun fasto, a lokacin da kowa yake murna da yawan jama'a. Ya ga haɗari biyu suna tahowa. Na ɗaya shi ne gauraya addini, wato mutum ya riƙe Littafi a hannun dama, laya a hannun hagu. Na biyu shi ne koyarwar da take cewa kowa zai tsira a ƙarshe ko ta wace hanya ya bi. Abin da ya sa ya ji tsoronsu shi ne ba sa rushe gini. Mai gauraya addini ba ya daina zuwa sujada, yana iya zama shi ne mai ba da baiko mafi tsoka. Waƙoƙin suna nan, rigar mawaƙa tana nan, sai ranar da ciwo ya ƙi jin magani ko aka yi mutuwar fuju'a a gida, sannan a ga inda ƙafa take nufa da dare. Wanda ya yi hidima a ƙauyukanmu ya san sau nawa zargin maita ya shiga tsakanin mutanen da suke cin Jibin Ubangiji a teburi ɗaya.

Maganin da ya kawo ma ya nuna yadda ya fahimci cutar. Ya nemi a kafa manyan makarantun tauhidi guda biyu, ɗaya da Turanci ɗaya da Faransanci, a kafa hukumar da za ta riƙa duba ingancin makarantun Littafi Mai Tsarki, a fara mujallar masana, sannan 'yan Afirka su zauna su rubuta littattafai da kansu. Ya gane cewa jama'ar da ba ta rubutu za ta ci abin da wasu suka dafa mata, ko mai kyau ko marar kyau. A nan batun adabi ya shigo. Rubutu yakan lalace kamar yadda hali yake lalacewa, ya cika da zaƙin baki da manyan kalmomi alhali ba nauyin gaskiya a ciki. Ba sai littafin batsa kaɗai ba. Ƙaramin littafin da aka yi wa ado da ayoyi, yana yi wa matalauci alkawarin mota da gida in ya shuka kuɗi, shi ma ɗan gidan ne. Haka waƙar sujada da za a yi rabin sa'a ana maimaitawa, a tashi ba a koyi kome game da Allah ba. Iyaye da yawa suna tsaron ƙofa kada mugun littafi ya shigo, amma kaɗan ne suke tambaya ko akwai littafi mai kyau ko guda a cikin ɗakin.

Shi kansa ya fara cika abin da ya nema. Kundin digirinsa na dokta ya fito a matsayin littafi a 1975 da sunan Theological Pitfalls in Africa, wato ramummukan da tauhidi zai iya faɗawa a Afirka, aka buga shi a Kisumu ta Kenya, Billy Graham ya rubuta masa gabatarwa.

Lokacin da gwamnati ta ce a koma daji

Shekarun nan ne kuma wasu shugabannin Afirka suka ɗauki kalmar lalacewa suka juya ta kan Ikkilisiya. Hujjarsu ita ce mulkin mallaka da mishan sun lalatar da al'adun baƙar fata, saboda haka dole a koma asali. Akwai gaskiya cikin ƙorafin. An yi 'yan mishan da suka hana ganga a sujada, suka sa mutane suka ji kunyar sunayensu da harshensu. Amma ga yadda maganin ya kasance. A ƙasar Kwango, Shugaba Mobutu ya sauya sunan ƙasar zuwa Zayar a 1971, a 1972 ya umarci jama'a su yar da sunayen baftisma, ya hana ƙungiyoyin matasa na Ikkilisiya, har Kadinal Malula na Kinshasa ya bar ƙasar na ɗan lokaci zuwa Rum. A 1974 aka cire Kirsimati daga ranakun hutu na gwamnati.

Abin da ya faru a Cadi, maƙwabciyarmu, ya fi wannan muni. Shugaba Tombalbaye, wanda ya tashi a cikin Ikkilisiya, ya yar da sunansa na Faransanci a 1973, ya sauya sunan babban birni daga Fort-Lamy zuwa Njamena, sannan ya tilasta wa maza na kudancin ƙasar, har da manyan ma'aikatan gwamnati, su shiga yondo, wato shiga daji irin na kabilar Sara. Masu bi da yawa suka ƙi, domin sun san akwai hadaya da rantsuwa ga ruhohi a ciki. Aka kori 'yan mishan, aka rufe majami'u, aka kashe fastoci da masu bi. Sojoji suka kashe Tombalbaye a juyin mulkin Afrilu 1975.

Byang ya yi magana ya kuma yi rubutu a kan wannan tsanani, yana kuwa da ikon yin haka fiye da yawancin masana, gama shi ma an taɓa kai shi daji. Ya san bambancin da yake tsakanin koya wa yaro jarumtaka da ɗaure shi da rantsuwa ga abin da ba Allah ba. Akwai kuma wani abin da labarin Cadi ya tona. Shiga dajin da uban Byang ya kai ɗansa, da zuciya ɗaya ya yi shi, yana gaskata abin da yake yi. Wanda gwamnati ta tilasta da bakin bindiga kuwa kayan aikin siyasa ne, hanyar gane wanda zai durƙusa da wanda zai ƙi. Siffar al'ada tana nan, ranta ya fita. Masu cewa suna ceton al'ada daga lalacewa su ne suka ƙarasa ta.

Ƙaramin littafinsa a kan juyin al'adu na Afirka da bangaskiyar Kirista ya fito a Jos a 1976, bayan rasuwarsa, daidai lokacin da Nijeriya take shirin bikin FESTAC, wanda aka yi a Legas da Kaduna a farkon 1977. Matsayinsa a ciki a fili yake. Al'ada baiwa ce, amma ta mutane ce masu zunubi, saboda haka akwai abin riƙewa, akwai abin gyarawa, akwai abin yarwa, Maganar Allah kuma ita ce matankaɗi. Harshe da tufafi da kiɗa da karɓar baƙo da girmama tsofaffi, bai ga dalilin da zai sa mai bi ya rabu da su ba. Burinsa shi ne Kiristan Afirka ya zama ɗan Afirka sosai, Kirista kuma sosai. Shi kansa da sunansa na Ham duniya ta san shi. Ba laifi mu tuna a nan cewa ƙauyen Nok yana cikin ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono kawunan yumɓu da suka haura shekara 2,000, waɗanda ake nunawa yau a gidajen tarihi. Ɗan wannan ƙasa ba ya bukatar wani ya zo daga waje ya koya masa cewa kakanninsa masu fasaha ne.

A watan Yuli 1974 ya tsaya a gaban babban taron bishara na duniya a Lusan ta ƙasar Suwizalan, inda wakilai daga ƙasashe kusan 150 suka hallara. Ya bayyana cewa saƙon Bishara ba ya sauyawa, amma tufar da ake sa masa, wato harshe da waƙa da tsarin sujada, dole ta zama ta mutanen wurin. Ya ba da misali da ƙwayar mastad, wadda manomanmu ba su saba da ita ba. Shawararsa ita ce kada mai fassara ya musanya ta da wani hatsi na gida don a sami sauƙi, gara a bar kalmar a koya wa jama'a ma'anarta. Ƙaramin misali ne, amma ya nuna inda ya ja layi.

Masu sukarsa

Ba kowa ya yarda da shi ba, kuma bai kamata mujallar Ikkilisiya ta ɓoye wannan ba. A littafinsa na 1975 ya soki manyan masana biyu da suna, John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, yana ganin sun ɗaga addinin gargajiya har ya kusa zama hanyar ceto. Dukansu limaman Ikkilisiya ne, ba su kuwa ji daɗin yadda ya fassara su ba. A 1992 masanin nan na Gana, Kwame Bediako, ya keɓe babi guda a littafinsa yana cewa Byang ya dubi Afirka da tabaran malamansa na Amurka, bai kuma ba da isasshen wuri ga yadda Allah ya shirya zukatan kakanninmu kafin zuwan Bishara ba.

Akwai abin dubawa cikin wannan suka. Alƙalamin Byang yana da kaifi, a wasu wurare ya yanke hukunci da sauri, littafin kuma aikin ɗalibi ne da bai kai shekara 40 ba, wanda mutuwa ta hana shi komawa ya sake dubawa. Amma zargin cewa muryar baƙi ce take magana ta bakinsa bai yi masa adalci ba. Yaron da aka yi wa dūka a Sabzuro a kan bangaskiyarsa ya riga ya yanke shawararsa shekara 22 kafin ya tafi karatu a Amurka.

Mombasa

Daga 23 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, 1975, Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ta yi babban taronta na biyar a Nairobi, Byang ya halarta a matsayin ɗan kallo. A lokacin yana riƙe da aikin AEAM, yana mataimakin shugaban zumuntar masu bishara ta duniya, yana kuma shugabantar hukumarta ta tauhidi, ga tafiye-tafiye ba hutawa. Bayan taron ya ɗauki iyalinsa zuwa bakin teku kusa da Mombasa domin su ɗan huta. Ranar 19 ga Disamba ruwa ya ci shi. Aka kawo gawarsa gida, aka binne shi a Kwoi.

Abubuwan da ya roƙa a Limuru sun tsiro bayansa ɗaya bayan ɗaya. Hukumar duba ingancin makarantun tauhidi, ACTEA, ta fara aiki a 1976. Makarantar masu Faransanci ta buɗe a Bangi ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1977, ta masu Turanci kuma a Nairobi a 1983, wadda daga baya ta zama jami'a. ECWA ta buɗe makarantar tauhidi ta Jos, JETS, a 1980, aka sa wa ɗakin karatunta sunansa. Tokunboh Adeyemo, wanda ya riƙe kujerar Babban Magatakarda daga 1978, ya jagoranci masana 70 'yan Afirka suka fitar da sharhin dukan Littafi Mai Tsarki a kundi ɗaya a 2006. A 2008 kuma wani ɗan Bajju, Farfesa Samuel Waje Kunhiyop, ya fitar da littafinsa a kan ɗabi'ar Kirista a Afirka, inda ya tattauna batun maita da cin hanci da aure da talauci. Daga baya shi ma ya zauna a kujerar Babban Magatakardan ECWA, wadda Byang Kato ya riƙe daga 1967 zuwa 1970.